Tukunyar Ya Kellu Mai Tsaga

Ran da na ba da tukunyar kakata, da kyakkyawar niyya na ba da ita. Akwai kuma wata niyyar a ƙarƙashi wadda ba ta kai ta farkon kyau ba, ita ma zan faɗa.

Sunana Muhsina. A Ajingi nake zaune wurin kakata, Ya Kellu, tun ina aji uku na firamare, yanzu kuwa ina aji biyar a sakandare. Daga Borno kakanninmu suka zo tun ba a haifi babana ba, amma in ka cire tsagar da ke kumatun Ya Kellu da wasu kalmomi biyar ko shida da take zagin awaki da su, ba abin da zai nuna maka. Kunun gyaɗa take sayarwa. Kafin rana ta ɗaga, matan unguwa sun aiko da kofuna da jug sun cika mana tsakar gida.

Tukunyar kunun ta dalma ce, baƙa wuluk ta waje, ƙaramin bokiti ɗaya ke cika ta. Abin da ya raba ta da tukwanen mutane shi ne gindinta. An tsattsaga shi ciki da waje, layi bayan layi, kamar kunyoyin gona, kowane kwari ɗan ƙaramin yatsa zai kwanta a ciki. Kakana Mala ne ya yi mata haka da guduma da cizal. Ban san shi ba, ya rasu ina goye.

Wankin tukunyar nan nawa ne. Kunu ya shige kwarin ya daskare, soso ba ya kai masa, sai na bi layi ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya. Layi ashirin da uku ne, na sha ƙirgawa. Rabin awa nake yi a tsugune, littafina yana kife a kan tabarma yana jirana.

Sai Ya Kellu ta tafi bikin suna a ƙauyen Balan, kwana biyu. A rana ta biyu na ji ana kira a waje: "A kawo tsohuwa a karɓi sabuwa!" Barau ne, maƙerin tukwane na Gaya, wanda kan zaga ƙauyuka a babur yana karɓar tsofaffin kayan dalma ya narka. Tukwanensa na ɗaure a baya suna ɗaukar ido. Ni da ko sallama ba na iya amsawa da ƙarfi, ban san lokacin da na sa hijabi na rungumo tukunyar na fita ba.

Ya ɗaga ta ya jinjina. Ya leƙa ciki ya yi dariya.

"'Yammata, wa ya yi wa wannan baiwar Allah haka? Kaji ne suka yi tono a ciki?"

Na sunkuyar da kai. Ya kwance wata sabuwa fil, girmansu ɗaya, cikinta sumul har ina ganin hancina. Ya jefa tamu a buhu ya tafi. Na shiga gida ina ta murna. Na ce Ya Kellu za ta ji daɗi, ta huta da tsohon kaya. A can ƙasan raina kuwa abin da nake cewa shi ne na rabu da tsinke har abada.

Da la'asar ta dawo da ƙullin alkaki da cincin. Na jawo ta madafa tun ba ta cire mayafi ba.

"Ya, rufe idonki."

"Ke, ni tsohuwa in rufe ido in faɗa murhu? Mene ne?"

Na ɗaga sabuwar tukunya sama kamar wadda ta ci kofi. Ta kalle ta. Ta kalli kusurwar da tsohuwar ke zama. Ta sake kallona.

"Ina tawa?"

"Na canja miki. Barau ne ya zo."

Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Ta nemi kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta kwance ƙullin alkakin ta miƙo mini ɗaya, ta ce, "Ci, na Balan ne." Na karɓa, na riƙe shi a hannu ban ci ba.

Washegari aka ɗora kunu a sabuwar tukunya. Ya Kellu ta zuba ruwa ta tura itace kamar yadda ta saba, ta je ta tace gyaɗarta ta dawo, ruwa bai tafasa ba. Ta ƙara itace. Da aka zuba ƙullun kuwa, sai ya kama a tsakiya ya fara ƙauri, gefe bai ji wuta ba. Mata uku suka gaji da jira suka aiko a karɓi kofunansu.

"Kin gani ko, 'yar boko?" in ji ta. Ba da fushi ta faɗa ba. "Ku a littafinku me aka ce?"

"An ce ruwan da ya yi zafi yana tashi sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Haka yake ta juyawa har ya tafasa."

"To ai haka ne. Ba a ce komai a kan tsaga ba?"

"Ba a ce ba."

"Littafin bai gama ba ke nan."

Ta ci gaba da juya kunun, tana ba ni labari. Kakana bakaniken babura ne. Wata rana yana zaune yana kallon injin babur, sai ya ce da ita, "Kellu, kin san me ya sa aka yi wa injin nan haƙarƙari? Don zafi ya sami hanyar fita. To me zai hana a yi wa tukunya don zafi ya sami hanyar shiga?" Ta ce masa ya bar mata tukwane lafiya. Bai bari ba.

"Ta farko da ƙusa ya bi ta, ya yi mata ramuka ƙanana kamar zanzana. Muka ɗora. Wallahi ta fi da jinkirin tafasa! Ruwa ya shige ramukan ya yi kwanciyarsa, ba ya fita, ba ya barin wani ya shiga. Ta biyu kuwa hannunsa ya yi nauyi, ya huda ta. Ranar a wurin mai shayi ya yi kalaci." Ta yi dariya har ta tsaya da juyin. "Ta ukun ce wadda kika bayar. Kwana tara yana ƙwanƙwasa, maƙwabta har sun kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ce sai kwarin ya yi faɗin da ruwa zai shiga ya wanke ya fita."

Ta koma juya kunun. Sannan ta ce, a hankali, "Rigunansa an raba, kayan aikinsa an sayar. Ita kaɗai ce hannunsa ya taɓa da ta rage mini."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

A daidai nan Inna Hure ta yi sallama. Bafulatana ce, maƙwabciyarmu, mai sayar da nono, kuma abokiyar wasan Ya Kellu. Shekara talatin suna tsokanar juna, ba wadda ta taɓa gajiya. Ta shigo da ƙwarya a ka, ta ja hanci.

"Kai! Yau kuma Barebari me suka ƙona? Ina Babarbariyar?" Haka take kiran tukunyar, wai mu ba mu iya ganin abu sumul mu ƙyale shi ba, har tukunya sai mun yi mata tsagar gado.

Ya Kellu ta nuna ni da muciya. "Tambayi malama."

Da Inna Hure ta ji labari sai ta sauke ƙwaryar. "Wurin Barau? La ila! Yau fa kasuwar Gaya. Ranar kasuwa yake hura wuta, duk abin da ya taro a mako bayan azahar yake narkawa. In kuna son ganinta ba a zubi ba, yanzu ne."

Na kalli Ya Kellu, ina fatan ta ce bari ta ɗauko mayafi. Ta shafa gwiwarta.

"Ƙafar nan Balan ta gama da ita. Ke kika bayar, ke za ki karɓo."

"Ya, ni? Ni ba na iya magana a kasuwa."

"Kin iya lokacin bayarwa."

"Tashi mu je, jikar bayina," in ji Inna Hure. "Ni ma can na nufa. In bakinki ya ƙi buɗewa na ara miki nawa, ya ishi mutum uku."

Na wanke sabuwar tukunyar tas, na sa ta a buhu. Kafin mu fita Ya Kellu ta damƙo jan ɓawon soyayyiyar gyaɗa daga faifai ta ƙulla mini a leda. Na ce na mene ne. Ta ce da shi Mala yake kallon tafiyar ruwa, in an barbaɗa a tukunya ana ganin inda ruwa ke zuwa. "Ko ba a ba ki ita ba, ki roƙa a ɗora ta sau ɗaya ki gani da idonki. Don ki san abin da kika bayar."

A cikin bas ina ta haddace abin da zan faɗa. Salamu alaikum Baba, don Allah na yi kuskure. Na maimaita ya fi sau arba'in, Inna Hure kuwa tana ta ciniki da direba a kan kada ya taka burki ya zubar mata da nono.

Rumfar Barau tana can ƙarshen kasuwa, kusa da teburin wani mai shayi. Mun same shi ya riga ya hura gawayi, yana tsugune yana danna jiƙaƙƙen yashi a cikin akwatin katako, wanda yake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta fito tukunya. Gefensa tulin tsofaffin kaya ne, murafai da butoci da gwangwanaye. A saman tulin na hango ta, a kife, tsagarta tana kallon sama.

Na buɗe baki. Duk abin da na haddace ya gudu.

"Barau, sannu da wuta," in ji Inna Hure. "Yarinyar nan tana da magana." Ta dungure ni da gwiwar hannu, ta ja bakinta ta rufe. Ashe aron bakin ma ƙarya ne.

"Baba," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata. "Tukunyar... ta jiya. Ta Ajingi. Na dawo da taka."

Ya ɗago ya gane ni. "A'a, mai tukunyar kaji! Me tawa ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ta kakata ce, ban tambaye ta ba."

Ya goge hannu a riga. Ba mugun mutum ba ne, na gani a fuskarsa, amma ya girgiza kai. Ya ce ciniki ya riga ya faɗa, kuma tawa an ɗora ta a wuta, ga baƙi a gindi, wa zai saye ta a sabuwa? Ita kuwa tsohuwar, nauyinta ya isa ya fitar da tukwane biyu. "Ki gaya wa Hajiya ta yi haƙuri. Na ba ta wadda ta fi."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Ba ta fi ba."

"Na'am?"

"Taka ba ta fi ba. Tamu ta fi saurin tafasa."

Mai shayin, wani dogo da ake kira Datti, ya ajiye kofin da yake ɗauraya. Mutum biyu da ke cin burodi a bencinsa suka juyo.

"Kun ji fa!" Barau ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Shekara ashirin da shida ina zubin tukunya, yau 'yar makaranta ta zo koya mini. Ke, tawa ba ta da kauri, wuta na taɓa ta ta shige. Waccan gindinta kamar dutsen niƙa."

"To a gwada mana," in ji Datti. "Ga murhun gas nan, kai biyu, wutarsu ɗaya. Baki ba ya tafasa ruwa."

"A gwada!" in ji Inna Hure. "In ta Barebari ta ci, ka ba yarinya kayanta."

"In tawa ta ci fa?"

"Ka narka, mu tafi da kunyarmu."

Wani dattijo a benci ya ce shi dai kada a yi caca a gabansa. Datti ya ce, "Baba, ba caca ba ce, shari'a ce. Ni ne alƙali." Barau ya yi dariya ya ce ya yarda. Ni kuwa sai na tuna ban taɓa gwadawa ba. Maganar Ya Kellu kawai na ɗauka na kawo kasuwa. In ya zamana son mijinta ne ya sa take ganin saurin fa?

Aka sauko da tukunyarmu. Barau ya ɗauki bokiti zai zuba ruwa da ka, na ce, "Baba, a auna." Ya kalle ni. Na ce in ruwan bai zo ɗaya ba, duk wanda ya faɗi zai ce an cuce shi. Datti ya miƙo jug ɗinsa. Jug shida nan, jug shida can, daga randa ɗaya. Na ce kada a rufe ko ɗaya. Na ce kuma a faɗi tun yanzu me ake nufi da tafasa.

"Yarinyar nan lauya ce," in ji Barau.

"Tafasar da zan yarda in zuba mata ganyen shayi," in ji Datti. "Ba 'yan kumfan nan na yaudara ba. Sai ruwa ya yi tsalle ya juya."

Ya kunna kan biyu ya daidaita harshen wutar, har da tsugunawa yana leƙe. Wani mai sayar da takalma ya fito da waya ya danna agogo. Kafin a ce haka mutane sun kewaye mu, masu kaji a hannu, masu buhu a ka, har da wata mata da ta bar tallan awararta ta zo.

Minti uku na farko ba abin da ya faru. Ruwa biyu suna kallonmu muna kallonsu. Sai na tuna da ledar. Na kwance ta, na barbaɗa jan ɓawon gyaɗar a kowace tukunya, daidai wa daida.

"A'a! Magani take zubawa!" wani ya yi ihu.

"Maganin uwaka, ɓawon gyaɗa ne," in ji Inna Hure. "Duka biyun ta zuba, makaho."

Ɓawon ya jiƙa ya nutse. Na sunkuya ina kallo, sai na manta da mutane gaba ɗaya.

A tukunyar Barau ɓawon ya sauka ya kwanta a gindi, ya yi lamo. Can sai wani ɓangare ya ɗaga a kasalance, ya tashi sama ta gefe ɗaya, ya zagayo ya sauko ta ɗayan. Juyi ɗaya babba, kamar shanu suna kewaya rijiya. A tamu kuwa ba haka ba ne. Daga kan kowace kunya wani siririn zare ne ke tashi, ja-ja, yana murɗawa kamar hayaƙin turare. Nan ya tashi, can ya tashi, su haɗu su rabu. Ɓawon da ya faɗa kwari ba ya daɗewa, sai ruwa ya share shi ya hau da shi kan kunya ya cilla sama. Duk tukunyar motsi take.

"Baba, zo ka gani," na ce. Na manta ma ina jin tsoronsa.

Ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Ka ga taka? Akwai wani ruwa a can ƙasa da ya lafe a jikin ƙarfen, ba ya motsi. Shi ke shan zafin, ya hana na sama. Kamar mutum ya zauna a bakin ƙofa, bai shiga ba bai ba da hanya ba. A wannan kuwa kunyoyin sun huda shi sun fito. Ka ga daga kansu zafin ke tashi."

"Hmm," in ji Barau.

"Kuma in ka bi tsagar da zare, hawa da sauka, ka miƙe shi, ya fi faɗin gindin taka tsawo. Wurin da ruwa ke taɓa ƙarfe ya fi yawa. Ta waje ma haka wuta ke samu."

"A makaranta aka gaya miki?"

"Rabi. Rabin yanzu nake gani."

Ban rufe baki ba tukunyarsa ta fara kuka, siiii, ƙananan kumfa suka fito a jikinta. Mutanen Gaya suka ɗauki sowa. "Ta Barau! Ta gida!" Barau ya miƙe yana gyara hula. Tamu shiru. Na tuna Ya Kellu a kan kujerarta tana miƙo mini alkaki.

"Ku dakata," in ji Datti. "Mai yawan kuka ba shi ke fara isa ba. Na ce sai ta juya."

Inna Hure ta matso ta sunkuya a kan tukunyarmu, ta fara yi mata kirari. "Tashi, Babarbariya! Tashi, mai tsaga ashirin! Kada ki ba ni kunya a garin mutane, ni da na ɗauko ki a matsayin baiwata!"

"Ashirin da uku," na ce.

"Ashirin da uku! Tashi!"

Aka fashe da dariya. Mai awara ta koma bayanmu, wai ita mata take bi. Dattijon da ya hana caca ya taso daga benci yana dogara sanda, ya fi kowa kusa.

Sai kumfa ya fito a tamu. Ba a warwatse ba, a jere, layi-layi, kowace kunya da nata, kamar shuka ta tsiro bayan ruwan farko. Layukan suka yi kauri. Ruwan ya fara rawa. Ta Barau tana ta kukanta, manyan kumfa suna tashi ɗaya nan ɗaya can. Tamu ta yi wani gurnani daga ƙasa, tsakiyarta ya kumbura, ya fashe, ruwan ya yi tsalle ya kifa, jan ɓawo yana ta wulƙitawa.

Datti ya ɗebi ganyen shayi ya watsa a ciki.

"Ta tafasa!"

Ihun da aka yi har masu awaki daga can nesa suka juyo. Inna Hure ta rangaɗa guɗa. Mai takalma ya ci gaba da riƙe wayarsa sama har ta Barau ta juya, sannan ya ce, "Minti biyu da daƙiƙa arba'in tsakani!" Ni dai na tsuguna na rufe fuska da hijabi, ina dariya hawaye na zuba, ban san wanne ya riga wani ba.

Barau ya daɗe yana kallon tukwanen biyu. Wani ya ce a sauya musu kai a sake, ko wutar ce. Na ce na yarda, don gaskiyarsa ce, ni ma abin ya zo mini a rai. Barau ya ɗaga hannu.

"A bar shi. Ba agogon ne ya kayar da ni ba, ɓawon gyaɗar nan ne. Na gani da idona." Ya juyo gare ni. "Wa ya yi tsagar?"

"Kakana. Mala bakanike. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Wannan maƙeri ne ya ɓata a cikin babura." Ya sosa gemu. "'Yata, tukunya taki ce. Amma ki bar mini ita kwana ɗaya in ɗauki zubinta."

Na girgiza kai da sauri. Yanzu kam ko Inna Hure ban kalla ba. "Baba, ba zan koma gida ba ita ba."

Ya yi dariya ya ce to a yi a gabana. Datti ya juye shayin a butarsa, ya zuba madara da sukari, aka rarraba wa duk wanda ke wurin, da ɓawon gyaɗar da komai. Wani ya ce bai taɓa shan shayi mai ƙanshin ƙuli-ƙuli ba. Da tukunyar ta huce, Barau ya kifa ta a jiƙaƙƙen yashinsa ya danna, ya ɗauki zubin waje, sannan ya cika cikinta da yashi ya daddanna ya juye a hankali. Ga kunyoyin kakana nan a kan yashi, ɗaya bayan ɗaya, har da wurin da cizal ya goce masa. Na ce masa kada ya matse kwarin, in ya yi ƙanƙanta ruwa kwanciya zai yi a ciki. Ya ce, "To, malama." Bai faɗa da tsokana ba.

A bas na rungume ta a cinya, ta ɓata mini hijabi da baƙi, ban damu ba. Inna Hure ta ba duk fasinjojin labari, kafin mu iso Ajingi minti biyun ya zama goma.

Mun tarar da Ya Kellu a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa, wai iska take sha. Ita da ba ta zama a waje. Ta hango abin da ke hannuna, ta mayar da kai kan faifai kamar ba ta gani ba. Na durƙusa na ajiye a gabanta.

"Ya, ki yafe mini."

Ta sa hannu cikin tukunyar, ta bi layi ɗaya da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙin maƙwabta ne.

"Haka kawai ya ba ki?"

"Tsere aka yi!" in ji Inna Hure. "A tsakiyar kasuwa! Jikarki ta tsaya gaban maza tana wa'azi a kan ruwa!"

"Wannan? Muhsina?"

Ta sa na zauna na faɗa mata komai. Da na zo kan zaren da ke tashi daga kunyoyi, ta ce in maimaita. Da na zo kan yashin Barau, ta rufe baki da hannu ta ce, "Wato yanzu matan Gaya za su yi girki da haukan Mala?" Ta aika aka kira maƙwabta biyu, na sake faɗa daga farko, murya ta fita tar, har na kwaikwayi yadda Barau ya gyara hula.

"To, da nawa ta riga ta?" in ji Ya Kellu.

"Minti biyu da daƙiƙa arba'in."

Ta ja tsaki, ta jawo tukunyar kusa da ƙafarta.

"Wutar gas ce ba ta saba da ita ba. Da a murhuna ne, da biyar za ta ba shi."